Wa Zai Biya Mai Tausa?

 Mutanen Nima da Maamobi, na Kanda da Newtown, na Sabon Zango da Fadama, har zuwa Madina da Ashaiman, ina gaishe ku da fatan an wuni lafiya.

Sharhinmu na yau a kan tausa ne, da kuma tambayar da ke biye da ita: wa zai biya? Tambayar tana fitowa daga bakuna biyu. Matashin da ya koyi tausa ya buɗe ɗan shago yana so ya ji, in mutum ya zo masa da katin inshorar lafiya, ko zai iya yi masa aiki ya kai takarda a biya shi. Hajiya kuma mai ciwon baya tana cewa, kowace shekara sai ta sabunta kati, to don me in ta kira mai tausa sai ta kwance bakin zane? A gajarce, amsar duka biyun a'a ce, inshora ba ta biya. Amma a'ar nan tana da ƙofofi a bayanta, kuma yawancinmu ba mu taɓa ƙwanƙwasa su ba.

Tausa ba baƙuwa ba ce a Zango. Da ita ake karɓarmu duniya. Ungozoma ta gama wankan jariri, ta lakato man kaɗanya ta bi gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya, ta juya kan mai jego ta gasa mata jiki da ruwan zafi. Yarinyar da ta wuni tana dako da kwano a ka ranar Laraba a kasuwar Nima, da dare 'yar'uwarta ce ke taka mata baya. Yaro ya yi targaɗe a filin ƙwallo, kafin a yi maganar asibiti an riga an kai shi gidan mai ɗori. Wanzami na nan da ƙahonsa. Duk waɗannan aikin lafiya suke yi, kuma duk a kan ƙa'ida ɗaya ake sallamarsu: abin da ya sawwaƙa. Wani ya ba da sidi ashirin, wani ya kawo goro, wani ya ce Allah ya saka da alheri, a rabu lafiya. Babu rasit, babu littafi, babu wanda ya rubuta ranar da aka fara ko ranar da aka gama. Mai ɗori na gado ma in ka matsa masa da tambayar nawa ne, sai ya ga kamar ka zage shi, don a wurinsa baiwa ce aka ba gidansu, ba haja ba.

To inshora ba ta san wannan yaren ba. Ba ta biyan hannu, komai albarkarsa. Takarda take biya.

Manyanmu suna tune da zamanin kash-an-kari, lokacin da ko jini kake zubarwa sai ka ajiye kuɗi kafin a taɓa ka. A 2003, zamanin Shugaba John Agyekum Kufuor, majalisa ta zartar da doka mai lamba 650 wadda ta kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS. A 2012 aka maye gurbinta da doka mai lamba 852, wadda ta haɗe ƙananan shirye-shiryen gundumomi a ƙarƙashin hukuma ɗaya. Kuɗin shirin kuwa, mafi yawansa ba daga abin da kake biya wurin sabunta kati yake fitowa ba. Akwai harajin kashi 2.5 cikin 100 da ake ɗorawa a kan kaya da ayyuka, akwai wani kashi 2.5 da ake cirewa daga gudummawar fanshon ma'aikata ta SSNIT. Ma'ana, mai sayar da waake a bakin titin Nima, duk ranar da ta sayi kayan da ke ɗauke da harajin nan, ta zuba a asusun, ko tana da kati ko ba ta da shi. Saboda haka in Hajiya ta tambayi inda kuɗinta ke tafiya, ba rashin kunya ta yi ba. Da guminta a ciki.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a cikin jerin ayyukan da shirin ke biya akwai gashin ƙashi, wato aikin da ƙwararrun asibiti ke yi na motsa gaɓoɓi, da gasa su, da miƙe jijiyoyi, da koya wa jiki tafiya bayan ya manta. Yana cikin jerin ga wanda aka kwantar, yana ciki ga mai zuwa ya koma gida. Kuma tausa tana daga cikin dabarun da mai gashin ƙashi ke amfani da su in ya ga ta dace. Kenan hannu ɗaya, motsi ɗaya, a kan baya ɗaya: in a sashen gashi na asibitin da hukuma ta amince da shi aka yi, bayan likita ya tura ka, akwai hanyar da asibitin zai nemi kuɗinsa. In a ɗakinka aka yi, a kan tabarma, kai da aljihunka. Jerin kuma ya fito fili ya ware abin da ba ya biya. Duk wani aikin farfaɗo da jiki wanda ba gashin ƙashi ba, babu shi. Ƙafar roba, na'urar ji, haƙoran roba da kayan tallafar ƙashi, babu su. Wanda aka sallama daga asibiti yana bukatar sandar dogarawa, shi zai saya.

Yanzu mu bi takardar nan mu ga tafiyarta, don a nan ne mai shagon tausa zai gane inda gizo ke saƙa. Mara lafiya ya zo da kati, sai a tabbatar katin yana da rai. Likita ya duba shi ya rubuta sunan cutar, kuma kowace cuta tana da lambarta a kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya. Tun 2008 hukumar inshora ta daina barin kowane asibiti ya yanka farashin da ya ga dama: an kasa cututtuka da ayyuka rukuni-rukuni, kowane rukuni da kuɗinsa tsayayye. Magani kuma sai wanda ke cikin jerin magungunan shirin, a farashin da shirin ya sa. A ƙarshen wata asibiti ya tattara takardun, yawanci yanzu ta kwamfuta, ya aika cibiyar tantancewa. Cibiyoyin suna Accra, Kumasi, Tamale da Cape Coast. A can wani ma'aikaci da bai taɓa ganin fuskarka ba zai duba ko lambar cuta ta dace da aikin da aka ce an yi, ko kwanan wata ya yi daidai, ko mai sa hannun yana da lasisi. Abu ɗaya ya goce, a zaftare kuɗin ko a ƙi biya ɗungurungum. Bayan an amince ma, sai jira. An yi shekarun da asibitoci ke bin hukumar bashin watanni da yawa, har ƙungiyar asibitocin mishan ta CHAG ta sha yin barazanar daina karɓar kati. Asibiti mai akanta da ma'ajin magani ya ji jiki da wannan jiran, ina ga mai shago ɗaya da kuɗin haya ke jiransa ƙarshen wata?

Kafin ma a kai ga jira, akwai maganar shiga layin. Hukumar inshora ba ta karɓar takardar neman kuɗi sai daga wurin da ta tantance ta ba shi shaida. Wurin kuma sai ya sami lasisin hukumar kula da cibiyoyin lafiya, HeFRA, wadda dokar 2011 ta kafa. Mai gashin ƙashi yana ƙarƙashin majalisar ma'aikatan lafiya masu tallafa wa likitoci, bisa doka mai lamba 857 ta 2013, kuma karatun digiri ne ake yi a Jami'ar Ghana da jami'ar kiwon lafiya ta Ho. Mai ɗori da mai maganin gargajiya kuwa gidansu daban ne: majalisar kula da aikin maganin gargajiya, wadda doka mai lamba 575 ta shekarar 2000 ta tanada. Wannan majalisar tana yi wa mutum rajista, tana ba wurin aikinsa lasisi, kuma hakan yana da amfani ƙwarai, don yana raba shi da 'yan damfara masu lasifika a tasha. Sai dai rajistarta ba ta buɗe maka asusun NHIS. Ƙasa ta yarda kai mai magani ne, amma ba ta yarda ta biya ka ba.

Ba wai Ghana ta raina gargajiya ba ne. Tun 1975 akwai cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong ta Akuapem, wadda ta tsiro daga aikin Dakta Oku Ampofo. Jami'ar KNUST ta Kumasi tana koyar da karatun digiri a maganin itatuwa tun farkon shekarun 2000, kuma an buɗe sassan maganin gargajiya a wasu asibitocin gwamnati. Duk da haka shekara da shekaru masu wannan fanni suna kiran a sa magungunansu cikin jerin inshora. In maganin da aka gwada a ɗakin bincike, aka zuba a kwalba da tambarin hukuma, ya sha wannan doguwar gwagwarmaya, to tausar gida tana can baya a layi.

'Yan'uwanmu da ke Bronx da Hamburg sukan kira gida su ce, ai mu a nan inshora na biyan tausa. Gaskiya ne, amma su faɗi sauran. A Jamus sai likita ya rubuta maka ita a matsayin magani, da yawan zuwan da za ka yi, sannan babba ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin, da ƙarin Yuro 10 na takardar. A Amurka tausar magani tana da lambarta a kundin ayyukan likitanci, 97124, kuma da minti 15-15 ake lissafa ta. Mai tausa zai rubuta inda ya taɓa, da tsawon lokacin, da canjin da aka gani, in ba haka ba kamfani ya mayar masa da takardarsa. Shirin Medicare na tsofaffin Amurka ma ba ya biyan tausa in ita kaɗai ce. Ko'ina ka je sharuɗɗan ba sa canzawa: a san cutar, a san mai lasisin da ya yi aikin, a ga shaidar cewa aikin ya yi amfani.

Akwai kamfanonin inshorar lafiya masu zaman kansu a nan Ghana, su ma hukumar inshorar lafiya ce ke ba su lasisi. Galibi ma'aikatan banki, kamfanonin waya da manyan ofisoshi ne ke da su. Kowane da yarjejeniyarsa, kuma abin da aka saba gani shi ne a ƙayyade yawan zuwa gashi a shekara, a kuma ce sai an nemi izini kafin a fara. Ɗanmu da ke aiki a irin waɗannan wurare ya sa iyayensa a ciki, ya karanta takardar kafin ya ɗauki mahaifiyarsa zuwa wani wuri ya biya, yana sa ran a mayar masa. Wurin da ba ya cikin jerin kamfanin, rasit ɗinsa ba ya dawo da ko pesewa.

Ƙofar da ta fi ba ni takaici ita ce ta haɗarin mota, don nan ne muke asarar haƙƙinmu da hannunmu. Tun 1958 doka ta wajabta wa kowace mota da ke hawa titi inshorar da za ta biya wanda ta ji wa rauni. Motar trotro ta buge mutum a babban titin Nima ko na Kanda, kamfanin inshorar motar ne ya kamata ya ɗauki kuɗin jinyarsa da diyyar rauninsa. In motar ba ta da inshora, ko direban ya tsere, Hukumar Inshora ta Ƙasa tana da asusun tallafa wa irin waɗannan. Amma me muke yi? Jama'a su taru, direba ya durƙusa yana roƙo, wani dattijo ya ce ƙaddara ce, a bar wa Allah. A ɗauki mutum a wuce da shi gidan ɗori. Ba a je wurin 'yan sanda ba, ba a ɗauki hoton ƙashi ba, babu rahoton likita. Bayan wata uku ƙafa ta ƙi takuwa, sana'a ta tsaya, kuɗin da direba ya ba da na shan magani sun ƙare tun makon farko. Sai a lokacin a tuna da inshora, kamfani kuma ya ce ina rahoton 'yan sanda, ina na likita, ina rasit? Yarda da ƙaddara ba ta hana karɓar haƙƙi. Kuma neman diyyar nan ba cutar da direba ba ne, don ba daga aljihunsa za ta fito ba, ya riga ya biya kamfani saboda irin wannan rana. Masu hawa okada kuma su sani, inshorar da aka yanka wa babur na hawan kai ba ta rufe fasinjan haya. Kafin ka ɗare bayan wani, ka san wace iri ce a jikin babur ɗinsa.

To, in aka tambaye ni ko NHIS ta fara biyan masu tausa gobe, zan ce a'a, kuma na san wasu abokaina ba za su ji daɗi ba. Asusun nan bargon mutum ɗaya ne da gida guda ke ja: ka rufe kai ƙafa ta fito. Daga 2017 doka ta ƙayyade abin da ke isa asusun daga harajin da aka karɓa da sunansa, sai a kasafin 2025 aka cire wannan takunkumi. Asusun da ya daɗe yana fama da biyan kuɗin maganin zazzaɓi da haihuwa, ba za a ɗora masa tausar gajiya ba. Sannan aikin da ba a iya aunawa yana da sauƙin cuwa-cuwa. Wa zai tabbatar an yi tausa goma ba biyu ba? Ranar da aka ce kowace tausa a kawo takarda, shagunan bogi za su fi na gaske yawa kafin shekara ta zagayo.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya game da tausar kanta. Tana sauƙaƙa ciwon baya da na wuya, tana saki jijiyar da ta ɗaure, tana sa barci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya wuni a kan keken ɗinki ko a bayan sitiyari. Amma akwai inda take kashewa. Ƙafar da ta kumbura gefe ɗaya tana zafi, musamman ga mai jego ko wanda ya daɗe a kwance, tana iya zama gudan jini ne a jijiya, kuma matsa shi na iya tura shi huhu. Karayar da ƙashi ya huda fata ba ta gidan ɗori ba ce. Ɗaurin da ya yi tsanani har yatsu suka yi sanyi ko suka canza launi, a kwance shi a nufi asibiti a daren, don likitocin ƙashi a Korle Bu da Koforidua sun sha yanke hannun yara saboda an makara. Maɗora na ƙwarai sun san wannan, su ne ma ke cewa a je a ɗauko hoto tukuna. Waɗanda ba su sani ba su ne ke ɓata wa sauran suna.

Inda nake so mu kai kukanmu shi ne shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini ya yi mana katutu, kuma da wuya ka bi lungu a Maamobi ba ka sami gidan da wani dattijo ke kwance hannu da ƙafa sun mutu ba. An sallame shi daga asibiti, an ce ya riƙa zuwa gashi. Ka san lungunanmu, mota ba ta shiga. Sai an sami samari biyu su ɗauko shi zuwa bakin titi, a yi shatar tasi zuwa asibitin 37 ko na Ridge ko na Korle Bu, a yi layi, a dawo, wuni ya tafi. Inshora ba ta biyan tasi, ba ta biyan wunin da ɗansa ya rasa a kasuwa. Bayan zuwa kaɗan sai a gaji, a kira mai tausa ya riƙa zuwa gida da man zafi. Shi kuwa iyakar ƙoƙarinsa yake yi, amma shafa ba ta koya wa ƙwaƙwalwa ɗaga hannu. Abin da ke dawo da motsi shi ne atisaye, mara lafiya da kansa yana maimaitawa kullum, kuma watannin farko su ne suka fi muhimmanci. Haƙƙin yana rubuce a jerin inshora, amma nisa ya cinye shi.

Mai tausar nan da ke shiga gidan kullum, shi ne mutumin da ya kamata a jawo. Mai gashin ƙashi ya duba mara lafiya ya tsara atisayen, ya koya wa mai tausa da 'ya'yan gidan, ya riƙa bibiya lokaci-lokaci. Asibiti ne zai nemi kuɗin da sunansa da lasisinsa, shi kuma ya sallami mataimakin da ya horar. Ta wannan hanya kaɗai nake ganin kuɗin inshora zai taɓa isa hannun mai tausa na Zango ba tare da asusun ya zube ba. Tun 2017 aka kafa Asusun Raya Zango. An yi filayen ƙwallo, an sa fitilu, madalla. Horar da matasanmu wannan aiki da kawo ɗakin gashi kusa da mutane bai fi ƙarfin irin wannan asusu ba, kuma 'yan majalisarmu na Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa sun san ƙofar da za su buga.

Ku kuma masu sana'ar, kada ku jira sai an kira ku. Ku yi rajista da majalisar maganin gargajiya. Ku sayi littafi mai bango, ku rubuta ranar zuwan mutum, da abin da ya kawo shi, da abin da kuka yi, da yadda ya ƙare, har da wanda kuka tura asibiti. Ku riƙa ba da rasit ko ba a tambaya ba. Ranar da za a zauna da hukuma, ba za ta saurari cewa kakanka ya ɗora ƙafar sarki ba, littafin za ta ce a buɗe.

Sauran jama'a, a duba kati tun ana lafiya. Tun Disambar 2018 ana sabuntawa ta waya, a danna *929#, a biya da kuɗin waya, ba sai an je layi ba. Wanda ya bar katinsa ya daɗe a mace yakan jira wata guda kafin ya fara aiki, ciwo kuwa ba ya jira. Yara 'yan ƙasa da 18, da dattawa daga 70 zuwa sama, da masu juna biyu, an ɗauke musu kuɗin shekara. In likita a Asibitin Maamobi ko wani wuri ya ce ciwonka na bukatar gashi, ka ce ya rubuta maka takardar turawa, ka kuma tambaya a sashen abin da kati ya ɗauka da abin da bai ɗauka ba tun kafin a fara.

Malamanmu limamai da sarakunan Zango, roƙona gare ku ɗaya ne. Duk ranar da aka kawo muku sulhun haɗarin mota, ku yi sulhun, Allah ya ba da lada, amma kada ku tashi taron sai an rubuta lambar motar, an kai rahoto wurin 'yan sanda, an kuma kai wanda ya ji rauni asibiti likita ya gan shi a ranar.